"Sa Mata SSD Kawai"

A makarantar nan, duk wanda ya yi kukan kwamfutarsa tana jan ƙafa, amsa ɗaya zai samu, ko a hostal ko a gindin bishiyar da ake jiran lakca: "Sa mata SSD kawai." Shawarar gaskiya ce, ba na ja da ita. Tsohon rumbun ajiya, wanda muke kira had-dis, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kai-komo a kansa yana laluben abin da ka nema. Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, ƙwayoyin lantarki ne irin na filash, shi ya sa kafin ka ƙifta ido ya miƙo maka. Inda nake da magana shi ne kalmar nan "kawai". SSD sunan dangi ne, kuma kwamfutocin teburin da yawancinmu muke iya saye, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama morewa aka lodo su a kwantena, ba kowane ɗan dangin suke karɓa ba.

Zanen gine-gine nake karanta, kuma furojet ɗina gaba ɗaya a AutoCAD yake. Kwamfutata ta tebur ce, ta hannu, mai furosesa i5 zubi na uku, wato ƙirar wajen 2012. Baba ya saya mini ita tun ina ND I, saboda na situdiyo ba sa isar mu, laftof ɗin da zai ɗauki aikin zane kuma ya fi ƙarfin aljihunsa. In na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba. Buɗe zane ɗaya kuwa, ka ji rumbun yana ƙugi kamar injin markaɗe. Saura mako shida difens na kai wa Yaya kuka a waya. Ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ya sa wa laftof ɗinsa babban SSD, zai ba direban mota tsohon ya kawo mini. Mai gig 256.

Ya iso cikin ambulan, ɗan siriri kamar cingam. Na kwance murfin kwamfutar, na haska da fitilar waya, na bi madabod lungu-lungu. Babu inda za a soka shi.

Ga yadda dangin suke. Akwai mai kama da ɗan akwati, wanda ake kira na inci 2.5. Shi wayoyi biyu ake haɗa masa irin na had-dis: siririya mai fil 7 da ke ɗaukar bayanai, da mai faɗi mai fil 15 da ke kawo wuta. Wannan shi ne SATA, kuma kusan duk kwamfutar tebur da za ka tarar a kasuwa yau, in dai ba ta zamanin kaka da kakanni ba ce, za ta karɓe shi. Sai kuma irin wanda Yaya ya aiko, M.2, wanda ba ya son waya, a jikin madabod ake soka shi a ɗaure da sukuru ɗaya. Lambar 2280 da za ka gani a jikinsa girmansa take nufi: faɗi milimita 22, tsawo milimita 80. To a nan ne mutane da yawa suke kwana. M.2 sunan siffa ne kurum. Biyu za su zo da siffa ɗaya amma yarensu daban: wani SATA yake ji, wani kuma NVMe, wanda ke bi ta hanyar PCIe, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Kama da wane ba ta wane. Dubi bakin da ake sokawa: mai giɓi biyu yawanci SATA ne, mai giɓi ɗaya yawanci NVMe. Na ce yawanci, don haka lambar samfurin da ke jikin takardarsa ita ce alƙali. Ramin da ke madabod ma haka: wani yana jin yare biyun, wani ɗaya kacal. Wani ɗan ajinmu nasa ya shiga ramin daram, ya ɗaure sukuru, amma kwamfuta ta yi kamar ba a sa mata komai ba, saboda ramin na NVMe ne zalla, shi kuma mai giɓi biyu ya sayo. Akwai ma wani gajeren rami a ƙananan kwamfutoci da ke yaudarar ido, alhali na katin Wi-Fi ne.

Tawa dai ba ta da ramin ko ɗaya, ta riga shi zuwa duniya. Na ɗauki abin na nufi kasuwar 'yan kwamfuta. Mai shagon farko ya ɗauko wani ɗan akwati da ake kwantar da M.2 a ciki ya koma kamar na inci 2.5, ya ce, "Wannan zai yi, in bai yi ba ka dawo." Kowa ya san ma'anar "ka dawo" a kasuwa. Na ce bari in zaga. A ƙuryar layin akwai wani dattijo mai gyara, tabarau a karan hanci, ga madabod jibge a bayansa kamar ƙosai a tire. Ya karɓa, ya dubi bakin, ya miƙo mini.

"Ɗana, wancan akwatin ba tafinta ba ne. Waya ce kawai a cikinsa, tana kai fil zuwa fil. In ka sa masa mai jin SATA zai yi aiki. Naka kuwa NVMe ne, ko shekara zai yi a ciki ba za su fahimci juna ba."

Na ce, "To Baba, ya ke nan?"

Ya ɗauko wani kati da ake sokawa a dogon ramin PCIe, inda ake sa katin hoto, ya ɗora SSD ɗin a kai. Ya tambaye ni akwatin kwamfutata babba ne ko siriri, don siriri gajeren ƙarfe yake so a bayan katin, dogo ba zai bar murfi ya rufu ba. Ya ce in je in gwada, in bar masa katin shaidata na makaranta. Sai ya ƙara da cewa, "Za ta gan shi. Tashi da shi ne ban yi maka alkawari ba."

Haka kuwa aka yi. Na tayar da ita da tsohon rumbun, na buɗe inda ake ganin su C da D, babu sabon baƙo. Wannan ba abin tsoro ba ne, kuma ina so 'yan uwa su riƙe shi, don SSD masu lafiya da yawa an mayar da su shago a kan wannan. Sabon rumbu, ko wanda aka goge tas kamar yadda Yaya ya yi wa nasa, ba ya fitowa sai ka shiga Disk Management ka yanka masa fili, ka ba shi harafi. Ina shiga na gan shi da baƙin layi a kansa. Minti biyu ya zama E. Na kwafa masa zane-zanena, suka wuce kamar walƙiya.

Amma ni ba ma'aji nake nema ba, so nake Windows da AutoCAD su zauna a kansa. Na shiga BIOS in sa shi a gaban layin tashi, babu shi babu dalilinsa. Dalili kuwa shi ne, Windows tana da direban NVMe nata tun daga 8.1, shi ya sa take ganinsa. Amma kafin Windows ta farka, BIOS ne mai gadin ƙofa, shi ke nemo rumbun da za a tashi da shi. An fitar da ƙa'idar NVMe a 2011, sai wajen 2014 madabod na gama-gari suka fara iya tashi da shi, ya kuma zama ruwan dare daga zubi na shida na Intel. Mai gadin tawa bai taɓa jin sunan baƙon ba, ta ina zai buɗe masa? Akwai dabaru biyu da ake yi. Wasu suna cusa wa BIOS ɗin direban NVMe su sake rubuta shi. Wasu kuma suna barin filash a soke kullum mai ɗauke da wata manhaja, Clover, ita ce za ta fara tashi ta miƙa ragama ga SSD. Ta farkon, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, madabod na iya zama gawa, kuma kun san halin wutarmu. Ta biyun tana aiki, sai dai ban ga hikimar rataya furojet ɗina a wuyan filash ɗin da ƙanena zai iya zarewa ya kwafi fim ba. Mai lokaci da kwamfuta ta biyu ya gwada, zai koyi abubuwa. Mai difens saura mako biyar ya nemi hanya miƙaƙƙiya.

Na kira Yaya na nemi izini, tunda kyauta ce, ya ce in yi yadda ya fi. Na koma wurin dattijon muka yi musaya: ya karɓi nawa da katinsa, ya ba ni SATA na inci 2.5 mai gig 240, na hannu. Abin da ya burge ni, shi da kansa ya jona shi a kwamfutarsa ya buɗe CrystalDiskInfo, ya nuna mini awoyin da ya yi yana aiki da kashi nawa ya rage na lafiyarsa. Duk mai sayen SSD na hannu ya nemi a nuna masa wannan. In mai shago ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa. Akwai kuma na jabu, da ake rubuta wa tera ɗaya alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, in ya cika sai ya riƙa taka tsofaffin fayiloli ba tare da ya ce uffan ba. H2testw na tona irin wannan, don cika rumbun yake yi ya sake karantawa. Amma kada ka je ka yi rigima a kasuwa don mai gig 240 ya nuna 223, ko mai 256 ya nuna 238. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuma da 1,024. Ba a cuce ka ba.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Tukunyar wutar kwamfutar kawuna biyu kacal gare ta na SATA, ɗaya a had-dis, ɗaya a na'urar DVD. Ba sai an yi shawara ba, rabona da faifan DVD tun sakandare. Na zare wayoyinsa biyu na ba SSD. Wanda tasa ba ta da kan da ya rage, akwai adafta da ke juya tsohon kan nan mai fil 4 ya koma na SATA, amma a guji mai arha wanda aka narka roba a kan wayoyinsa, an san shi da haɗa wuta ya ƙone. Lokacin hunturu ne kuma, iska a bushe, irin lokacin da kake taɓa ƙofar mota ta ja ka. Wannan ɗan jan yana iya kashe kayan lantarki, saboda haka a zare filogi, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki.

Sai maganar sauri. A kwali za ka ga an rubuta wajen megabait 550 a daƙiƙa. Wannan sai a bakin SATA III. Madabod ɗina H61 ne, SATA II kawai ya sani, iyakarsa wajen 270. Wani abokina da ya ji haka ya ce to ai asarar kuɗi ce, rabin SSD na saya. Ban yarda ba. Abin da ke sa kwamfuta jan ƙafa ba kwafar babban fayil ba ne, neman dubban ƙanana ne a warwatse, kuma a nan ne faifai mai juyawa ke shan kashi ko da wane baki aka jona. Wanda madabod ɗinsa ke da baki iri biyu dai ya duba, sau da yawa launinsu daban, ya ba SSD mai saurin.

Wurin ɗora Windows abubuwa uku ne suke da muhimmanci, kuma duk kafin a danna komai ake yin su. Na farko, a zare wayar tsohon rumbun. In suna jone su biyun, Windows na iya ajiye fayilolin tashi a tsohon, ita ta zauna a sabon, ranar da tsohon ya mutu kuma sabon ba zai tashi ba. Ga kuma haɗarin goge wanda ba shi ba, da furojet a ciki. Na biyu, a BIOS a duba yanayin SATA. Tawa a IDE na same ta, wato tana ɗaukar kowane rumbu kamar na da can. AHCI ake so. Wasu kwamfutocin ofis kuma a RAID suke zuwa, wani lokacin har mai ɗora Windows ya kasa ganin rumbun. Na uku shi ne wanda ya fi cin lokacin mutane a hostal: MBR da GPT, wato tsarin da ake yanka rumbu da shi. In kwamfuta ta tashi a UEFI, GPT take so. In a Legacy ta tashi, MBR. Filash ɗin da na aro an haɗa shi da Rufus don UEFI, SSD ɗin kuma mai shi na da ya bar shi a MBR, sai Windows ta ce ba za ta sauka a wannan rumbun ba. Maganin bai wuce goge duk yankunan da ke kan SSD ɗin ba har ya koma fili ɗaya, ita za ta yanka yadda take so. Ka ga amfanin zare tsohon rumbun ke nan, kana gogewa hankalinka kwance.

Ta tashi cikin abin da bai kai rabin minti ba. AutoCAD ya buɗe kafin in gyara zama. Kwana huɗu ina aiki kamar an cire mini ƙaya.

Daren na biyar, ana gobe zan kai wa malamin da ke duba aikina zanen bene na biyu da na rufi, wuta ta ɗauke tun la'asar, ba ta dawo ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na kunna. Baƙin allo, da layi ɗaya na Turanci, wai ba a sami rumbun tashi ba. Na kashe na kunna, haka. Na buɗe na danna wayoyi, haka. Duk aikin kwana huɗun nan a kan SSD yake. Na kira ɗan ajinmu da ake ji da shi a harkar kwamfuta, ya ce, "Kai, na hannu ne fa, ya ƙone. Ko kuma ka yi fomat ka sake ɗorawa." Kalmar nan fomat ta fi kowace saurin fita daga bakin ɗalibai, kuma ita ce ta fi cin aikin mutane. Na ce masa bari dai in leƙa BIOS tukuna.

SSD ɗin na nan a jerin rumbuna, da sunansa da girmansa. Ke nan bai mutu ba. Sai idona ya kai kan agogo a saman allon: wata rana a 2012, ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintuna. Na duba sauran saitin. AHCI ya koma IDE, UEFI ya koma Legacy. Duk abin da na saita ya goge, kwamfutar ta koma yadda ta fito daga masana'anta.

A jikin kowane madabod akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe agogo, a tsofaffin kwamfutoci har da saitin BIOS, idan babu wuta. Muddin filogi na samun wuta, ko kwamfutar a kashe take, ba a cika taɓa batirin ba. A ofishin da ta baro wuta ba ta yankewa, batirin hutu yake yi. A nan kuwa shi ke kwana yana gadi, ga shekaru sun ja. Da tsohon rumbun ban taɓa lura ba, saboda shi a saitin asali aka ɗora masa Windows, in komai ya goge ma daidai yake da shi, agogo kuma intanet na gyara shi a ɓoye. SSD ne ya zo da buƙatar saitin da sai an riƙe, sai ciwon da ke kwance ya fito. Na mayar da UEFI da AHCI, na adana, ta tashi lafiya lau, zanena na nan ko layi bai ɓata ba. Da safe kafin in shiga makaranta na tsaya wurin mai gyaran agogo na sayi batirin, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa a kafteriya ba.

Ga wanda yanayin SATA kaɗai ya juye masa, alamar daban ce: Windows za ta fara tashi sai ta faɗi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Ba fomat ake yi ba, mayar da yanayin ake yi yadda yake ranar da aka ɗora ta. Wanda kuma ya riga ya ɗora a IDE yana son komawa AHCI, sai ya umarci Windows ta tashi a Safe Mode, ya canza saitin a BIOS, ya bar ta ta tashi sau ɗaya a haka don ta ɗauki direban da ya dace, sannan ya koma tashi na kullum.

Kada kuma a ɗora wa SSD abin da ba nasa ba. In na juya ginin zuwa siffa mai fuska uku ina son hoto mai inuwa da haske, har yau sai na jira, don wannan aikin furosesa ne da RAM da katin hoto. Windows 11 ma a hukumance ba ta karɓar irin tawa, tana son TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na takwas, ita kuma Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta sa a matsayin ƙarshen tallafinta. Wannan wata rigimar ce ta bayan difens. Tsohon rumbun na mayar da shi ciki a matsayin D, kowane dare ina kwafa masa jakar furojet, in kuma tura wa kaina ta imel. Had-dis in zai mutu yakan yi ƙara, ya yi gargaɗi. SSD sau da yawa shiru yake tafiya, kuma abin da ka goge a kansa da wuya a dawo da shi.

Akwai wani ɗaki a sashenmu da aka jera kwamfutocin tebur a ƙasa, ƙura ta rufe su, an ce sun lalace. Na leƙa bayansu, yawancinsu sa'o'in tawa ne. Ba na cewa duk za su tashi, wasu tukunyar wutarsu ce ta tafi, wasu madabod. Amma ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta nemi izinin sashe, a ba 'yan injiniyan kwamfuta Asabar ɗaya su bi su ɗaya bayan ɗaya, da sukudireba, da kwalin CR2032, da SSD na inci 2.5 ko guda biyu na gwaji. Mu dai namu ya ƙare, amma 'yan ND I su uku-uku suke zama a kan kwamfuta ɗaya a situdiyo.